Tasalla a Birnin Kai-komo

A can zamanin da mutane da aljannu ke cin kasuwa ɗaya, ba mai ɗaga rawanin wani ya ga abin da ke ƙarƙashi, an yi wata mata a ƙauyen Gangaren Maje ana ce da ita Tasalla mai daddawa. Mace ce mai baki, Allah ya sani. In ta buɗe shi a bakin rijiya sai guga ya huta. Ba wanda ba ta san sunansa ba a garin, har da na kakansa da na jakin kakan. Suna ɗaya ne tak bai taɓa fita daga bakinta ba, shi ne na 'yarta ta fari.

Kun dai san al'ada, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. To ita Tasalla ta ɗauki abin nan ta kai shi inda ko waɗanda suka ƙago shi ba su kai ba. Tun yarinyar tana goye a bayan kakarta, in Tasalla za ta kira ta sai ta ce, "Ke!" In za ta ba da labarinta sai ta ce, "Waccan." Yarinyar kuwa ta tashi tana ce mata Yaya, yadda ta ji ƙannen Tasalla suna faɗa. Ni ma mai ba ku labari ba zan faɗi sunan ba tukuna, don ba na riga uwa.

Waccan ta girma, ta ga wani baƙo mai sayar da shuni a kasuwa, ta ce ita shi take so, shi ma ya ce haka. Aka bincika, mutum mai salla, mai ladabi, aibinsa ɗaya, ba shi da inuwa. Aka ɗaura aure. Sai ranar kai amarya aka gane ɗan aljannu ne daga Birnin Kai-komo, da 'yan rakiya suka ga ango da amarya sun shige cikin guguwa kamar masu shiga zaure. Tasalla ta ce, "To, Allah ya ba da zaman lafiya." Ta shiga ɗaki ta daɗe, da ta fito ta ce hayaƙin murhu ne ya shigar mata ido.

Ana nan, wata safiya tana shanya kalwa a tsakar gida, sai ga 'yar guguwa ta shigo da sallama, ta dire ƙwaryar goro a gabanta, ta ce, "Ya ke surukar ubangidana, yana gaishe ki da girmamawa. 'Yarki ta sauka lafiya, an sami mace."

Zuciyar Tasalla ta yi tsalle, amma fuskarta ko gezau. Ta ce, "Madalla. Allah ya raya musu."

Guguwa ta ce, "Da sauran magana. Ɗan da aka haifa tsakanin jinsinmu da naku, in hannun dangin uwarsa bai yi masa wanka ba kafin rana ta faɗi ran jajibirin suna, jikinsa yakan koma hayaƙi irin namu. Zai rayu, amma uwarsa ba za ta ƙara ganinsa ba, ba za ta iya ɗaukarsa ba, sai dai ta riƙa jin kukansa a ɗaki."

"Yaushe ne jajibirin?"

"Yau."

"Yau? Kuna ina tun ran haihuwa?"

"Mai jego ce ta hana. Ta ce kunya take ji a aiko miki a kan haihuwar fari. Ubangidana ya ɓoye mata hukuncin don kada hankalinta ya tashi, yana ta lallashi, har dai yau ya aiko ni ba da saninta ba. Da shi zai zo da kansa, to yana riƙe da ƙafar jaririya, don ta fara rasa nauyi, in ya saki sai ta tashi sama."

Tasalla ta buga cinya ta ce, "Ji shashasha! Ana maganar rai wa ke ta kunya?"

Ku riƙe wannan magana tata, za ta dawo mata.

Nan da nan ta ɗaure sabulun salo da soso da man kaɗanya da kanwa da yajin jego cikin zane, ta karyo ganyen runhu na wankan jego, ta ɗora a ka, ta yi bisimilla ta shige guguwa. Suka wuce saman dajin da itatuwansa ke tsaye da saiwa a sama, suka ƙetare tekun toka, suka bi ta ƙarƙashin wani dutse da ke minshari. Tasalla ba ta kalli ko ɗaya ba, hannu ɗaya a kan kayanta, ɗaya a kan ɗankwali, tana ta yi wa guguwa faɗan gangancin tuƙi.

Da hantsi guguwa ta sauke ta a tashar bakin ganuwa, inda guguwoyi ke jere suna jiran lodi, ta ce, "Iyakata ke nan. Guguwar waje ba ta shiga gari."

A bakin ƙofa ga wani dogon aljani zaune, idanunsa a tsaye, kunnensa ɗaya ya shimfiɗa ya zauna a kai. Tasalla ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, baƙuwa ce, gidan 'yata nake nema."

Ya ce, "Maraba da ke, ya ke 'yar Adam. Ki saurara, don sau ɗaya nake faɗa. A birnin nan unguwa ba ta wuni inda ta kwana, gida ba ya tsayawa inda aka bar shi. Ba mu da gabas da masallaci, ba mu da bayan kasuwa. Wanda ke neman wani, sai ya hau abin hawa ya faɗi sunan wanda yake nema, a kai shi. Amma sunan ya fito daga bakin mai nema, na aro ba ya aiki."

Tasalla ta ji kamar an zuba mata ruwan randa a baya. Ta ce, "Ba wata hanya, ranka ya daɗe?"

"Akwai hanyoyi da yawa. Wadda ke kaiwa dai ita ce wannan."

Ta miƙe ta gyara ɗaurin zane ta ce a ranta, ai matambayi ba ya ɓata. Ta kutsa kai.

Wai! In da ranka ka sha kallo. Gidaje na tafe bisa dogayen ƙafafu irin na zalɓe, wani na kauce wa wani. Tituna na naɗewa suna warwarewa kamar igiyar guga. Jama'a kuwa ba masaka tsinke, masu ƙaho, masu jela, masu kai a hammata, kowa na sauri. Abin da ya ɓata wa Tasalla rai ba ƙahon ba ne, gaisuwar ce. Ta ce wa wata, "Ina kwana?" matar ta ce, "Lafiya," ta wuce, ko gajiya ba ta tambaya ba. Tasalla ta ce, "Oho! Ashe birni ko na aljannu ne halinsa ɗaya."

Sai ga wani kunkuru, girmansa ya kai zaure, an jera kujeru a bayansa, wani hankaka na tsaye a wuyansa yana kiran fasinja. Tasalla ta hau ta matse tsakanin wani mai kan akuya da wata mai ɗauke da kwandon walƙiya. Hankaka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa na faɗin sunan wanda zai je wurinsa. Da ya zo kanta ya ce, "Baiwar Allah, wurin wa?"

Ta ce, "Gidan mai jego."

"Sunanta?"

"Mai jego dai. Ai ba ta ɓuya."

Hankaka ya karkata kai ya ce, "Kin faɗa, za a kai ki."

Kunkuru dai kunkuru ne ko a ina. Sai da rana ta take tsaka ya sauke ta a Unguwar Jego, inda duk gidan da aka haihu a birnin ke taruwa su yi kiwo wuri guda. Gidaje ne iya ganinka, kowanne hayaƙin ruwan wanka na tashi. Ta shiga bi ƙofa ƙofa tana barka. Nan jariri na wuta, can jariri mai gemu yana gaishe da baƙi, can kuma an haifi tagwaye ɗaya na cikin ɗaya. Ga ta da hali, duk inda ta shiga sai ta tsoma yatsa a tukunya ta ce, "Wannan ruwan ai na alwala ne, ku ƙara wuta!" Har dai wata tsohuwar unguwarzoma ta ja ta gefe ta ce, "Ya ke 'yar Adam, gidan da aka haifi ruwa biyu ba ya kiwo a nan, shi kaɗai yake yawo. Faɗi sunan 'yarki ki huta."

Tasalla ta ɗaga kai, ta ga rana ta karkata. Amma bakin nan ya ƙi.

A bakin unguwar ta tarar da jiminu 'yan haya, kowace da sirdi. Ta zaɓi wata mai dogon wuya ta haye. Jimina ta ce, "Suna, uwata."

"Ba na faɗa. 'Yar fari ce."

"To faɗi na mijinta."

Tasalla ta riƙe haɓa. "Suruki? In kama sunan suruki da bakina? Ashe ba a yi muku tarbiyya a garin nan ba!"

Jimina ta ce, "To me kike da shi?"

Ta ce, "Kamanninta. Baƙa ce doguwa, mai wushirya. Tana da tabo a haɓa, inda ta faɗa kan turmi tana rarrafe. Ba ta cin miyar kuɓewa, amma in a gidan mutane ne takan ci ta yi shiru. In za ta yi dariya sai ta fara kallon ƙasa. In ranta ya ɓaci ba ta magana, sai ta hau share tsakar gidan da aka riga aka share. In ta yi barci hannunta na hagu na ƙarƙashin kumatu, tun tana jaririya haka take."

Jimina ta waiwayo da wuyanta ta dube ta, ta ce, "Wadda ba ki kiran sunanta, amma kin kalle ta haka?"

Tasalla ta ce, "Ke dai ja mu je, ba hira na zo ba."

Jimina ta zabura. Tasalla ta rungume wuyanta tana salati, suka ratsa ta tsakanin ƙafafun gidaje, suka tsallake wani titi yana cikin naɗewa, sai ga su a wata kasuwa mai duhun rumfuna. Jimina ta ce, "Mai neman mutum da kamanni nan ake kawo shi, Kasuwar Kamanni. Ki kula da kanki, wanda ya shiga rumfar da ba tasa ba, ba ya fitowa." Ta juya ta tafi.

Kafin Tasalla ta gyara kayanta sai ta ji an ce, "Innata! Uwata ta kaina!" Ta waiga, sai ga Waccan tsaye a bakin wata rumfa, wushirya, tabon haɓa, komai da komai. Ta sheƙo da gudu ta rungume ta, tana kallon tsakar idonta tana cewa, "Na yi kewarki, Inna. Shigo ciki, ga jaririya can."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta ratsa Tasalla. Shekara da shekaru tana son ta ji wannan kalma daga wannan baki, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko kanta. Ta bi ta, taku ɗaya, taku biyu, har ƙafarta ta kai bakin inuwar rumfa. Can ciki ta hango wasu mutane jere suna daka a turmin da ba kome, idanunsu sun yi fari. Sai hankalinta ya dawo. Yaushe Waccan ta taɓa ce mata Inna? Yaushe ta taɓa haɗa ido da ita?

Ta ce, "Tsaya in ba ki tsarabarki, 'yar nan." Ta cusa hannu a ƙullin yajin jego, ta dumbuzo ta watsa mata a fuska. Abar ta yi atishawa, wushirya ta faɗi ƙasa. Ta sake yi, hanci ya bi. A ta uku fuskar duka ta zame kamar murfin tukunya, sai ga wani baki mai haƙora har kunne. Tasalla ta ce, "Ƙafa me na ci ban ba ki ba!" Ta tattare zane ta ranta a na kare, kaya a ka ko karkacewa bai yi ba, don mai tallan daddawa ce.

Ba ta tsaya ba sai da ta kai bakin wani kogi da ya raba birnin biyu, ruwansa na gudu yana hawa tudu. Rana ta yi ja, ta sauko dab da kan ganuwa. A bakin ruwa ga wata tsohuwar aljana zaune cikin ƙatuwar ƙwarya, gashinta fari ya zuba har cikin kogi, da shi take tuƙi. Tasalla ta faɗa cikin ƙwaryar tana haki.

Tsohuwa ta ce, "Sannu da gudu, ya ke 'yar Adam. Ni ce fito na ƙarshe, bayana ba wani abin hawa sai gobe. Wurin wa?"

Tasalla ta dube ta. Sai hawaye. Ta ce, "Iya, ki ji tausayina. 'Yar fari ce. Tun ran da liman ya raɗa mata shi ban taɓa faɗa ba. Uwata ba ta faɗi na yayana ba har ta koma ga Allah. In na faɗa, da wane ido zan dube ta?"

Tsohuwa ta ce, "Na daɗe a kan ruwan nan. Na ɗauki masu faɗin sunan maƙiyansu da ƙarfi, na ɗauki masu faɗin sunan da suka manta mai shi. Mai jin nauyin sunan da ta fi so, ke ce ta farko. Kin manta shi ne?"

"Manta? Kowace salla da shi nake rufe addu'a. A zuci dai."

"Ƙwaryata ba ta jin zuci."

Tasalla ta ce, "To juya mini baya." Tsohuwa ta juya. Ta ce, "Toshe kunne." Ta toshe. Tasalla ta ja mayafi ta rufe fuska, ta raɗa sunan cikin tafin hannunta, yadda ko ita kanta da ƙyar ta ji. Ƙwarya ta yi ɗan motsi, ta koma ta tsaya.

Tsohuwa ta ce, "Birni ne babba, 'yata, ga hayaniya. Raɗa ba ta ƙetare titi. Dubi rana."

Ta duba. Gindin rana ya taɓa ganuwa. Ta hango Waccan a ranta, zaune a ɗaki tana jin kukan ɗiyarta, tana lalube, hannu na ratsa hayaƙi. Ita da ta yi shekaru tana ganin tata ɗiyar ba ta ɗauka, ta san wannan ciwon, kuma nata da gangan ne. Sai maganarta ta safe ta faɗo mata, ana maganar rai wa ke ta kunya? Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi.

Ta yaye mayafi, ta miƙe tsaye cikin ƙwarya, ta buɗe muryar nan da ake ji daga rijiya har bayan gari.

"Barira!"

Birni ya yi tsit. Gidaje suka tsaya da ƙafa ɗaya a sama.

"Barira! Barira 'yata, ina kike?"

Sai unguwanni suka dare biyu, tituna suka miƙe sambal, ƙwarya ta tashi a kan ruwa kamar an harba ta. Can sai ga wani ɗan gida mai shuɗiyar ƙofa ya taho a guje bisa dogayen ƙafafunsa, ya zo bakin kogi ya durƙusa.

Tasalla ta yi tsalle ta faɗa ciki ko sallama babu. Ga suruki tsaye riƙe da ƙafar jaririya, ita kuwa tana lilo a sama, yatsunta har ana hango bango ta cikinsu. Ga Barira a bakin gado, ta gane abin da ake ciki, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Suruki ya fara ƙoƙarin durƙusawa ya gaida surukarsa, Tasalla ta ce, "Riƙe ta da kyau, malam, gaisuwa ba ta guduwa! Ina ruwan zafi?"

Aka kawo. Ta sirka, ta gwada da gwiwar hannu, ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta yi bisimilla ta karɓi jikarta. Ba nauyi ko na auduga. Ta zuba ruwan farko, ta bi da sabulu da soso, tana cuɗawa tana cewa, "Zauna nan, 'yar nema, ina za ki? Mu a danginmu ba a tashi sama." Ta wanke kai, ta wanke bayan kunne, ta wanke tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ji cinyarta ta fara nauyi. Jaririya ta yi jawur, ta ƙanƙame hannu, ta tsala kuka irin na 'yan Adam, daidai lokacin da rana ta shige bayan ganuwa.

Tasalla ta shafe ta da man kaɗanya, ta naɗe ta a zane, ta miƙa wa uwarta ba tare da ta dube ta ba. Barira ta karɓa, ta ƙanƙame ta a ƙirji. Can, kanta a ƙasa, ta ce, "Yaya, ɗazu na ji an kira ni."

Tasalla tana ta matse soso. Ta ce, "Garin nan naku iska ta yi yawa."

"Har sau uku, Yaya. Har da wata kalma a ƙarshe."

"To, in kin ji sai ki adana, ba kullum ake yi ba. Tashi ki shiga wanka, ruwa na hucewa."

Barira ta kalli ƙasa, ta yi dariya, hawaye na ɗiga a kan zanen jaririya.

Washegari aka yi suna, aljannu suka cika gida, masu ƙaho da masu jela, kowa ya ci tuwo da miyar daddawar Gangaren Maje yana santi. Da aka fito da sanarwa, sai ga shi uban ya mayar wa jaririya sunan kakarta. Tasalla ta ce wannan ai neman magana ne, ta shiga ɗaki, hayaƙin murhu ya sake shigar mata ido.

Barira ta biyo ta da jaririya a kafaɗa, ta zauna nesa kaɗan, ta ce, "Yaya, yanzu ya zan yi? Ga ta 'yar fari, ga sunanki. Bakina ba zai iya ba. In ta girma ta ɓace mini a birnin nan fa?"

Tasalla ta miƙa hannu ta gyara wa jaririya hula, hannun ya zarce ya ɗan taɓa tabon da ke haɓar uwar, ta janye da sauri.

Ta ce, "Ki ce mata Waccan, ba abin da zai same ta. Ran da ta kama, bakin zai buɗe da kansa."

Nan na baro su, ana dama kunun kanwa.